Babi na Biyar: Ranar da Gwiwa Ta Ƙi Ɗauka

Ranar 12 ga Nuwamba, 2022, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta Jami'ar Jihar Ohio ta karɓi baƙuncin ta Jami'ar Indiana a filinta da ke birnin Columbus, filin da ke cin mutum sama da dubu ɗari. Wasan bai yi wani zafi ba, domin masu masaukin baƙi sun yi wa baƙinsu fintinkau, aka tashi 56 da 14. Amma ana dab da tashi aka sako wani ɗan wasa mai lamba 0 a rigarsa, Kamryn Babb. Jagoran 'yan gaba, C.J. Stroud, ya jefo masa ƙwallo daga tazarar yadi 8, ya cafe ta a cikin gidan ci. Bai taka rawa ba, bai bugi ƙirji ba. Ya gangara ƙarshen fili ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana addu'a. Da ya ɗago, abokan wasansa suka yi masa caa da runguma, har waɗanda ke zaune a benci.

Wanda bai san labarin ba zai ce abin ya yi yawa a kan ƙwallo ɗaya a wasan da an riga an ci. Babb ya shigo jami'ar a 2018 daga birnin St. Louis, yana cikin samarin da aka fi rububi a Amurka a shekararsa. Sai dai jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke masa har sau huɗu, na farko tun yana ajin ƙarshe a sakandare. Kowace tsinkewa tana nufin tiyata, da sandar dogarawa, da watanni kusan tara ko fiye na koyon tafiya da gudu daga farko. Wannan ƙwallo ita ce ta farko da ya taɓa cafewa a wasan jami'a, a shekararsa ta biyar. Duk da haka abokansa sun zaɓe shi kyaftin a 2021, suka sake zaɓensa a 2022, alhali bai taɓa kawo musu maki ko ɗaya ba. Da aka riƙa tambayarsa abin da ya hana shi tattara kayansa ya koma gida, amsarsa ba ta canzawa: bangaskiyarsa ga Yesu Almasihu.

Irin wannan magana ta cika bakin 'yan wasan jami'o'in Amurka, har wasu sun gaji da jin ta. Mai nasara ya ɗaga kofi, ya ce godiya ta tabbata ga Ubangiji, kyamara ta wuce. Abin da nake so mu duba a wannan babi shi ne abin da kyamara ba ta cika nunawa ba, domin a can ake gane ko maganar tana da nauyi.

Nauyin da ke kan ɗan shekara 18

Sai mun fahimci yadda wasannin jami'a suke a Amurka kafin mu gane dalilin da addini ya sami gindin zama a cikinsu. Hukumar NCAA, wadda ke kula da yawancin wasannin, tana da jami'o'i da kwalejoji sama da 1,000, da 'yan wasa sama da rabin miliyan. A manyan jami'o'in, wasan ranar Asabar shi ne babban taron gari. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi shi ne kocin zari-ruga ko na ƙwallon kwando na jami'ar jihar, ya zarce gwamna nesa ba kusa ba.

A tsakiyar wannan hayaniya akwai yaro ko yarinya da suka bar gidan iyaye jiya-jiya. Tun yana firamare ake kiransa da gwani. Unguwarsu ta san shi da ƙwallo, malamai na ɗaga masa ƙafa saboda ƙwallo, kuma ƙwallon ce ta samo masa gurbin karatu kyauta wanda iyayensa ba za su iya biya ba. Da asuba yana ɗakin ɗaga ƙarfe, da hantsi yana aji, da la'asar atisaye, da dare kallon bidiyon kurakuransa tare da koci. Tun daga Yulin 2021 aka ba su damar karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu, sai kasuwa ta shigo ta saka wa kowa farashi. Cacar wasanni ma ta yaɗu bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2018, har ta kai ɗalibi ya kuskure ƙwallo da yamma, kafin ya kwanta wayarsa ta cika da zagi daga waɗanda suka yi asarar kuɗinsu.

Sannan ga lissafin da ita kanta NCAA take faɗa: cikin kowane ɗari, waɗanda za su zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai biyu ba. Sauran duka, wata rana suna da shekara 22 ko 23, za su tuɓe riga su miƙa, shi ke nan. Wanda aka rena shi a kan cewa darajarsa tana ƙafarsa, ran da ƙafar ta ƙi ɗauka dole ya tambayi kansa ko shi wane ne. Wannan tambaya ce ƙofar da yawancin labaran bangaskiyar 'yan wasan nan ke shigowa ta ciki.

Tushen abin

Alaƙar coci da filin wasa ta girmi talabijin. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu marubuta da malaman addini a Ingila, irin su Charles Kingsley da Thomas Hughes, suka yaɗa ra'ayin cewa jiki amana ce, kuma horar da shi wani ɓangare ne na tarbiyyar Kirista. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA ta ɗauki ra'ayin ta tsallaka da shi Amurka. A makarantarta ta Springfield, a jihar Massachusetts, a Disambar 1891, wani malami ɗan Kanada mai suna James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidin Kirista a Montreal, ya rataye kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a ɗakin motsa jiki don ɗalibansa su sami abin yi lokacin hunturu. Daga nan ƙwallon kwando ta samo asali. Bayan shekara huɗu, a 1895, William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a wani reshen YMCA da ke Holyoke, ba nisa da nan.

Tsarin da ake gani a yau ya soma ne a 1954, lokacin da wani matashin kocin kwando a Oklahoma, Don McClanen, ya kafa ƙungiyar 'yan wasa Kiristoci da aka fi sani da FCA. Hujjarsa mai sauƙi ce: tunda kamfanoni suna ɗaukar shahararrun 'yan wasa su tallata musu reza da taba, me zai hana 'yan wasan su yi shaidar abin da suka ba da gaskiya da shi? A 1966 aka kafa wata, Athletes in Action, a ƙarƙashin ƙungiyar bishara ta ɗalibai da yanzu ake kira Cru. Aikinsu a jami'a ba shi da wani ado. Taron nazarin Littafi Mai Tsarki sau ɗaya a mako, gajeriyar sujada a otal kafin wasa ga wanda yake so, da wani fasto ko tsohon ɗan wasa da ke zagayawa tare da ƙungiya. Mafi yawan amfaninsa yana fitowa ne a ɗakin jinya, inda wanda ya ji rauni ke zaune shi kaɗai yana ɗaga ƙafa a kan na'ura yayin da sauran suka tafi wasa wani gari. A wannan lokaci koci ba shi da sararin kula da shi, jarida ta manta da shi, sai wanda bai damu da yawan makinsa ba ne zai zo ya zauna kusa da shi.

Tebow, da fitilar da ta haska shi

Babu ɗan wasan jami'a da ya fito da wannan al'amari fili kamar Tim Tebow. An haife shi a 1987 a ƙasar Filifin, inda iyayensa ke aikin mishan. A gida aka koyar da shi karatu har ya gama sakandare, sannan ya shiga Jami'ar Florida. A 2007 ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan zari-ruga na jami'o'i, shi ne na farko da ya taɓa cin ta yana aji biyu. Ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu a zamaninsa.

'Yan wasan suna manna wani baƙin ƙyalle a ƙarƙashin ido don rage ƙyallin rana da na fitilu. Tebow ya riƙa rubuta lambar aya a kan nasa da farin rubutu. A wasan ƙarshe na Janairun 2009 da Oklahoma ya rubuta Yahaya 3:16, ayar da Kiristoci ke ɗauka a matsayin taƙaitaccen saƙon bishara, kuma a daren ta shiga sahun gaba na abin da mutane suka fi nema a Google. A 2010 NCAA ta hana rubuta kowane irin saƙo a wurin, jama'a suka laƙaba wa dokar sunansa.

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi ba da labari. A ganina ɓangaren da ya fi koyarwa ya zo ne a Disambar 2009, a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da Alabama ta lallasa su 32 da 13 ta rushe musu burin kofi na uku. Kyamara ta kama shi a gefen fili hawaye na zuba a kan ƙyallen da ya rubuta Yahaya 16:33, ayar da ke gargaɗin mabiya cewa za su sha wahala a duniya. An yi ta yi masa dariya a intanet. Daga nan rayuwarsa ta ƙwararru ta zama hawa da sauka, saukar ta fi yawa. Denver ta ɗauke shi a 2010, ya yi mata kaka ɗaya mai ban mamaki, ta sayar da shi. Ƙungiyoyin New York Jets, New England, Philadelphia da Jacksonville duk sun gwada shi sun sallame shi. A tsakani ya koma besbol, ya yi shekaru a ƙananan rukunai bai kai babban ba.

Abin lura shi ne mutumin bai sauya harshe ba. Abin da yake faɗa ran da ya ɗaga kofi, shi yake faɗa ran da aka kore shi. Gidauniyar da ya kafa a 2010 ta taimaka wajen gina asibitin yara a birnin Davao na Filifin, kuma tun 2015 take shirya wani daren biki na shekara-shekara don karrama masu buƙata ta musamman a coci-coci na ƙasashe da dama. Mutum yana iya ƙin salon Tebow, da yawa ma sun ƙi, amma zai yi wuya a ce ya riƙi addini ne don ya ci wasa, tunda wasan ya ƙare addinin yana nan.

Ayar da aka fi rubutawa

In ka duba takalma da damatsan 'yan wasan Amurka, lambar da za ka fi gani ita ce Filibiyawa 4:13. Tebow ya sa ta, Stephen Curry ma tun yana Kwalejin Davidson yake rubuta wani yanki nata a takalminsa. Da yawa suna ɗaukar ta tamkar alkawarin cewa mai bi zai ci kowace gasa. Masana Littafi Mai Tsarki sun daɗe suna jan hankali cewa Manzo Bulus yana tsare a kurkuku ya rubuta wasiƙar, kuma a ayoyin da suka gabace ta yana magana ne a kan yadda ya koyi wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa. Ƙarfin da yake nufi na jure kowane hali ne. Ɗan wasan da ya fahimci haka ya sami abin riƙewa a benci da gadon asibiti. Wanda ya ɗauke ta laya ce ta cin kofi, ran da aka doke shi zai yi asara biyu, ta wasa da ta zuciya.

'Yan matan ƙungiyar softbol ta Jami'ar Oklahoma sun nuna cewa ita kanta nasara ba ta warkar da wannan ciwo. A ƙarƙashin kocinsu Patty Gasso sun ɗauki kofin ƙasa sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. A 2023 sun ci wasa 61, aka doke su sau ɗaya tak. A watan Yunin shekarar, ana shirin wasannin ƙarshe, wani ɗan jarida ya tambaye su yadda suke riƙe walwalarsu da irin wannan matsin lamba. Kyaftin ɗinsu Grace Lyons ta amsa cewa murnar da ke rataye da sakamakon wasa zuwa take ta tafi, wadda ba ta gushewa daga wurin Ubangiji take. Abokiyarta Jayda Coleman ta ƙara da abin da ya fi taɓa ni. Ta ce lokacin da suka ci kofin 2021 tana ajin farko, ta yi murna a ranar, amma da gari ya waye ba ta san abin da za ta yi da kanta ba, ta ji wani gurbi a zuciya wanda kofin bai cike ba, kuma daga nan ne ta soma neman Almasihu da gaske. Bidiyon ya zagaya duniya. Wadda ta faɗi haka ba mai neman uzurin faɗuwa ba ce, tana kan ganiyarta ta faɗa.

Duka ɓangarorin suna addu'a

A ƙarshen Agustan 2024, kwanaki kaɗan kafin soma kaka, wasu 'yan wasan Jihar Ohio suka shirya taron sujada a fili a tsakiyar harabar jami'ar. Cikin waɗanda suka tsaya suka ba da shaida akwai TreVeyon Henderson, da J.T. Tuimoloau, da Emeka Egbuka wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, da Kamryn Babb wanda a lokacin ya riga ya daina wasa. Ɗaruruwan ɗalibai suka taru, aka yi wa gommai baftisma a cikin manyan bahon ruwa da aka jera a wurin. Henderson ya sha faɗa cewa tubansa ya biyo bayan karayar da ya samu a ƙafa a 2022, lokacin da aka yi masa tiyata ya kwanta cikin ƙunci.

Kakar ba ta tafi sumul ba. A ƙarshen Nuwamba babbar abokiyar hamayyarsu, Michigan, ta zo har gida ta doke su 13 da 10, karo na huɗu a jere, magoya baya suka yi ta kiran a kori koci. Daga nan suka farfaɗo suka ci wasa huɗu a gasar fitar da gwani, suka ɗauki kofin ƙasa a Atlanta ranar 20 ga Janairu, 2025, bayan sun doke Notre Dame 34 da 23. Wasu suka ce ai ga sakamakon baftismar Agusta. Amma jagoran Notre Dame, Riley Leonard, shi ma Kirista ne mai bayyana bangaskiyarsa, yana ɗaure da Matiyu 23:12 a hannu, ayar da ke magana a kan tawali'u. Shi ya ci makin farko a wasan, shi kuma aka doke. Da ya zauna gaban 'yan jarida bayan an tashi, da godiya ga Yesu ya fara kafin ya amsa tambaya. In da addu'a ce ke raba gardama a allon maki, da an rasa yadda za a yi da wannan dare. Godiyar wanda aka kayar ta fi gaya mana gaskiyar abin fiye da ta wanda ya ɗaga kofi.

Akwai ma waɗanda bangaskiyar ta sa suka bar nasara da hannunsu. Eric Liddell yana ɗalibi a Jami'ar Edinburgh lokacin gasar Olamfik ta Faris a 1924. Da ya ga za a yi zagayen farko na tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, ranar Lahadi, sai ya janye ya koma shirin mita 400, ya kuma ci zinare. Shekara ɗaya bayan haka ya tafi ƙasar Sin aikin mishan, ya rasu a 1945 a sansanin da sojojin Japan suka tsare baƙi. A 1995 Eli Herring na Jami'ar Brigham Young ya rubuta wa ƙungiyoyin ƙwararru cewa kada su ɗauke shi, domin ba zai yi wasa ranar Lahadi ba. Ƙungiyar Raiders ta zaɓe shi duk da haka, ya ƙi zuwa, ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare.

Inda ake tuntuɓe

Duk mai ƙaunar wannan al'amari ya kamata ya yarda cewa yana da haɗurransa. Na farko shi ne ikon koci. Shi ke yanke wanda zai buga da wanda zai zauna, kuma a hannunsa makomar yaro take. In irin wannan mutum ya ce ana taron addu'a, ga wanda yake so, yaro ɗan shekara 19 zai yi wuya ya ji cewa yana da zaɓi. A 2012 an yi wa DeAndre Hopkins baftisma a filin atisayen Jami'ar Clemson a gaban abokan wasansa, hoton ya bazu. A 2014 wata ƙungiya mai fafutukar raba addini da gwamnati ta kai ƙorafi cewa koci Dabo Swinney ya cusa addini a shirin wasan jami'ar gwamnati. Swinney ya amsa cewa ba ya tilasta wa kowa, kuma yana ɗaukar 'yan wasa na kowane addini. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta goyi bayan wani kocin sakandare a jihar Washington, Joseph Kennedy, da ke durƙusawa a tsakiyar fili bayan wasa. Hukuncin ya faɗaɗa 'yancin koci, amma bai sauke masa nauyin adalci ba.

Ɗakin sauya kaya ba na addini ɗaya ba ne. A 2023 Adama Sanogo, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, yana azumin Ramadan ya jagoranci Jami'ar Connecticut ta ɗauki kofin kwando na ƙasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe. Ƙungiyar da ta gyara wa irinsa lokacin buɗa-baki da sahur, ta bar Kirista ya yi sujadarsa, ta kuma ƙyale wanda ba ya ko ɗaya ba tare da ya rasa gurbinsa ba, ita ce ta kama hanya. Taron Ohio ya fi samun karɓuwa saboda ɗalibai ne suka kira shi da kansu, a fili, wanda ya ga dama ya zo.

Haɗari na biyu shi ne suna ya rufe ɓarna. Jami'ar Baylor ta 'yan Baftis ce, tana alfahari da hakan. A 2016 binciken da ita kanta ta sa aka yi ya nuna cewa an yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da cin zarafin ɗalibai mata, wasu a kan 'yan zari-ruga, a daidai lokacin da ƙungiyar ke tashe. Aka kori koci Art Briles, aka sauke shugaban jami'ar, Ken Starr. Addu'o'in da aka yi ta yi kafin kowane wasa ba su kare waɗannan mata ba, domin waɗanda ke da alhakin kare su sun fifita kofi.

Na uku shi ne a ɗauka addu'a ta maye gurbin likita. A bazarar 2022 Amurka ta girgiza da labarin 'yan wasan jami'a da dama da suka kashe kansu cikin 'yan makonni. A watan Maris na shekarar, Harry Miller na Jihar Ohio, saurayin da aka sani da zuwa aikin taimako na mishan a Nicaragua, ya sanar cewa ya bar wasa saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Ya bayyana cewa ya taɓa gaya wa kocinsa Ryan Day cewa yana tunanin kashe kansa, nan take kocin ya haɗa shi da likitoci. Wannan shi ne daidai. Wanda ya tsinke jijiya ana yi masa addu'a kuma ana kai shi tiyata, haka ya kamata a yi wa wanda zuciyarsa ta karye.

Abin da ya rage bayan an kashe fitilu

Idan muka jera waɗannan labarai za mu ga abu guda yana maimaituwa. Babb da Henderson rauni ne ya tsayar da su, Tebow kora ce, Coleman kuwa nasara ce ta bar ta da ƙishi. Dukansu sun zo kan gaɓar da wasa ya kasa gaya musu ko su wane ne, kuma amsar da suka ce sun samu a Kiristanci ita ce darajarsu ta riga wasan zuwa, kyauta ce daga Allah, ba a ƙara ta da maki ba a kuma rage ta da faɗuwa. Mai karatu ko Kirista ne ko Musulmi zai gane wannan magana, domin duk addinin da ya san ƙaddara da haƙuri ya san cewa ana auna mutum ne a ranar rashi.

Wannan ne ma'aunin da nake ba da shawara a riƙa amfani da shi. In ka ji ɗan wasa yana ambaton Allah a kan dandamalin karɓar kofi, kada ka yi saurin yaba masa, kada kuma ka yi saurin kiransa mai riya. Tambayi yadda yake ran da aka ajiye shi a benci aka sa ƙaninsa, da yadda yake yi wa mai wanke riguna magana, da ko yana zuwa gaida abokinsa da ke kwance a asibiti, da ko yana faɗin gaskiya ran da gaskiyar za ta jawo wa ƙungiyarsa asara.

Yaranmu ma suna bin wannan hanya. Tobi Amusan ta tashi daga Ijebu Ode ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso da gurbin wasa, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik ta Tokiyo, kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022. Bayanta akwai dubban samari da 'yan mata a makarantun horar da wasa na Nijeriya masu mafarkin irin wannan tafiya, kuma mafi yawansu ba za su kai inda ta kai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye da masu horarwa da malaman addini, ku gaya wa yaron tun yanzu, tun gwiwarsa tana lafiya kuma ana tafa masa, cewa kuna ƙaunarsa ko ya ci ko bai ci ba, kuma Mahaliccinsa bai rataya darajarsa a kan ƙwallo ba. Ku tsaya a kan karatunsa kamar yadda kuke tsayawa a kan atisayensa, domin wasa zai ƙare masa tun yana saurayi, rayuwa kuwa a lokacin take farawa.